Bututun ciyarwa ga yaro mai ciwon salɓewar fata: a yi shi tun da sauran ƙarfi

Akwai ciwon gado da likitoci ke kira epidamolisis bulosa, wanda fatar yaro ke yin bororo ta salɓe da 'yar gogayya kaɗan, ko da ta goyo ce ko ta wuyan riga. A nau'insa mai tsanani, uwa da uba duk lafiyarsu ƙalau, amma kowannensu na ɗauke da ƙwayar halittar, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai ciwon. Shi ya sa ya fi bayyana inda auren zumunci ya yi yawa. Ba maita ba ce, ba kuma ya yaɗuwa. Idon iyaye kan tsaya ga gyambon da ke waje, alhali irinsa na nan cikin baki da maƙoshi. Kowane bororo ya warke sai ya bar tabo, tabon ya tsuke hanyar abinci, har ta kai yaro ya riƙe cokalin koko a baki yana hawaye, ya kasa haɗiyewa. Ga shi kuwa jikin da kullum ke ɗinke rauni ya fi na sa'o'insa bukatar abinci.

A nan ne aikin saka bututu ta fatar ciki zuwa tumbi yake da amfani, kuma ra'ayina shi ne a yi maganarsa tun katin awo ya nuna nauyi ya tsaya, kada a jira sai yaro ya ƙanjame. Iyaye kan ce, fatar da ba ta jure zani, ina za ta jure wuƙa? Tambaya ce mai ma'ana, sai dai abin da ke ɗaye wannan fata gogayya ce da filasta mai danƙo. Yanka mai tsabta yakan warke. Don haka ake shafe kayan aiki da basilin, a naɗe da bandeji marar mannewa, a kuma guji jan bututun ta maƙoshi. Wasu na tsoron yaro zai daina ci da baki. Ba ya dainawa: yana ɗanɗana abin da ransa ke so, madara da kunu mai gina jiki da magani su bi ta bututu, faɗan cin abinci ya ƙare a gidan.

Matsalar da ba zan ɓoye ba ita ce yoyo. Ruwan ciki kan tsatso ta gefen bututun ya ci fata, kuma idan bututun ya fita, ramin na iya rufewa cikin sa'o'i. Ga iyalin da ke garin Blitta a ƙasar Togo, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin shawarar tiyata sai an bi hanyar Sokode ko an gangara asibitin koyarwa na Sylvanus Olympio a Lome, na Dapaong kuwa tafiyarsu ta fi tsawo. Kafin a sa hannu, a tabbatar uwa ta koyi wanke wurin da hannunta, an ba ta bututun canji, kuma ma'aikacin lafiya mafi kusa ya san yaron. Iyaye, duk wanda ɗansa ke da irin wannan fata, ya kai shi awo kowane wata, ya kuma tambayi likita batun bututu da bakinsa.