Zuwa Ga Ɗana, Sabon Malamin Jami'a

 Mahaifiyarka ta faɗa mini jami'a ta ɗauke ka koyarwa. Allah ya sanya albarka, ya sa ka shiga da ƙafar dama. Ina da 'yar magana da nake so ka riƙe tun kafin alli ya saba da hannunka.

Duba yadda abin yake. Malamin firamare sai ya yi shekara uku a kwalejin ilimi, an tura shi koyarwar gwaji, wani ya zauna a bayan aji yana duba yadda yake yi, kafin a damƙa masa yara. Kai kuwa ranar da ka karɓi takardar aiki za a miƙo maka jerin kwasa-kwasai, a nuna maka zauren da ɗalibai suka cika har bakin taga, wasu a tsaye, wasu da littafi a kan gwiwa. Ba wanda zai tambaye ka ko an taɓa koya maka koyarwa. An ɗauka digirinka ya isa. Shi ya sa da yawanmu muke koyarwa yadda aka koyar da mu: a karanto, a rubuta, a haddace, a amayar ranar jarrabawa.

Malaman Ostireliya da Niyu Zilan sun lura da wannan giɓi tun da wuri. A 1972 suka kafa ƙungiyar HERDSA, wadda aikinta shi ne kyautata koyarwa da bincike a kan ilimi mai zurfi. Ba ruwanta da rigimar albashi. Wannan fagen ƙungiyar ƙwadago ne, kamar yadda ASUU take yi a nan tun 1978, kuma kowanne da ranarsa. Ita HERDSA taro take yi duk shekara, tana da rassa har Hong Kong, tana buga ƙananan littattafan jagora ga malamai, sannan tun 1982 take fitar da mujallarta ta bincike. A zaurenta likita da injiniya da malamin tarihi kan zauna wuri guda, abin da ya haɗa su tambaya ɗaya ce: ɗaliban nan suna fahimta kuwa?

A cikin wannan mujalla ne John Biggs, ɗan Ostireliya da ya koyar a Hong Kong, ya buga wata maƙala a 1999 da nake so ka nema ka karanta a natse. Ya ce malami kan fara da ɗora wa ɗalibai laifi: yaran yanzu ba sa karatu, sakandare ta lalace. Idan ya ɗan girma sai ya koma duban kansa, muryarsa da majigi da tsarin laccarsa. Amma wanda ya nuna, shi yakan tambayi abin da ɗalibin yake yi da kansa a cikin awa biyun lacca. Daga nan ya ce abu uku dole su dace da juna: abin da kake so ɗalibi ya iya, aikin da kake sa shi a aji, da tambayar da za ka yi masa a jarrabawa. In ka ce kana so ya iya warware matsala, amma jarrabawarka ta ce ya lissafo abu biyar, to hadda zai yi, kuma ya yi daidai, don ɗalibi jarrabawa yake karanta wa. Tun 1976 masu bincike Marton da Saljo suka nuna haka a Suwidin: yadda ɗalibi yake zaton za a tambaye shi yana sauya yadda yake karatu, ko ya nutsa ya nemi ma'ana, ko ya tsaya a saman kalmomi.

Na san abin da za ka ce. Malaman waɗancan ƙasashe suna da kuɗi, ajinsu ba irin namu ba ne, ga shi nan ƙarin girma da yawan maƙalu ake samunsa, ba wanda zai kai farfesa don ɗalibai sun gane darasinsa. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai ajin nan naka mai cunkoso shi kansa fagen bincike ne. Yadda ɗalibin da ya tashi da Hausa yake kokawa da lacca cikin Turanci, ko abin da ke faruwa da karatu bayan dogon yajin aiki, waɗannan tambayoyi ne da malamin Sidni ba zai amsa mana ba. Ka rubuta a kansu da kyau, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Kuma ba sai ka tsallaka teku ba. Ƙungiyar Jami'o'in Afirka, wadda aka kafa a Rabat a 1967, hedikwatarta tana Akara, tana shirya bita ga ma'aikatan jami'o'i. Hukumar TETFund ta nan gida ma tana ɗaukar nauyin malamai zuwa taruka. Idan rabonka ya zo, don Allah ka zauna a zauren taron. Mun ga waɗanda suka dawo da jakar tsaraba da hotuna kawai.

Kafin sannan, fara da abin da ke kusa. Nemi abokan aiki biyu ko uku, ko da ba sashenku ɗaya ba, ku riƙa zama sau ɗaya a wata kuna hirar aji. Roƙi ɗayansu ya shigo laccarka ya zauna a baya, bayan an tashi ya faɗa maka gaskiya, kai kuma ka daure ka saurara ba tare da kare kai ba. A ƙarshen darasi, ba wa ɗalibai minti biyu su rubuta abin da bai shige su ba a 'yar takarda, kada su sa suna, ka tafi da su gida ka karanta. Idan zango ya ƙare, ka zo mini da takardun nan mu duba tare. Ka gaida mutanen gida.