Jiragen Da Duwatsu Suka Fasa, Da Masu Nutso Gare Su

Mu mutanen Rikoto da sauran ƙasar Zuru mun san duwatsu, amma namu na tudu ne, ido na ganinsu, matafiyi ya kewaye. Akwai waɗansu kuwa da ke kwance a ƙarƙashin ruwa, ba a saninsu sai jirgi ya hau kansu. Irin waɗannan ne suka tsare kogin Kwara kudu da Yawuri, maƙwabtanmu, suka fasa jirage biyu da sunansu ya shiga tarihi. Nufinmu a wannan darasi mu duba labarinsu, da yadda a ke nutso zuwa ga irinsu, kana mu ga abin da ya kamaci mai nutso in ya isa.

Na fari shi ne jirgin Mungo Park, mutumin Sikotlan, wanda ya zo neman inda Kwara ta ƙare. Ya haɗa kwale-kwale biyu ya mai da su jirgi guda, tsawonsa kamar ƙafa 40, ya sa masa suna Joliba. Ya taso daga Sansandin, a ƙasar Mali ta yau, cikin watan Nuwamba 1805, ya wuce Yawuri, ya iso Busa a farkon 1806. A nan ruwa ya matse tsakanin duwatsu, jirgin ya maƙale, aka yi ta harbinsu daga gaɓa, shi da 'yan'uwansa suka faɗa ruwa suka halaka. Da Richard Lander da ƙanensa John suka zo Busa a 1830, aka nuna musu wani littafin lissafi na masu tuƙin jirgi, wanda aka tsamo daga kayan Park.

Na biyu shi ne Dayspring, jirgin da wuta ke tuƙawa, na Likita Baikie, cikinsa har da Samuel Ajayi Crowther. Ran 7 ga Oktoba 1857 ya daki wani dutse kusa da Jebba ya fashe. Ba a rasa rai ba, amma mutanensa sun zauna a bakin kogi wajen shekara guda kafin wani jirgi, Sunbeam, ya zo musu. Daga baya aka fid da ƙarafan injinsa aka ajiye a tashar jirgin ƙasa ta Jebba. To, ga darasi na farko: inda ruwa ke gudu bisa dutse, katako ragargajewa ya ke yi ya tafi, ƙarfe shi ke zama. Saboda haka mai neman tsohon jirgi ba ya sa ran ganinsa a tsaye. Anga ya ke nema, da igwa, da tukunyar inji.

Nutso ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Sarkawa sun gaje shi kaka da kakanni, a bikin kamun kifi na Argungu ma akan yi gasarsa. Amma su numfashi guda su ke riƙewa, in ya ƙare dole su taso. A 1943 waɗansu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙago wata dabara. Ana matsa iska mai yawa cikin goran ƙarfe, mutum ya goya a baya, a haɗa shi da bakinsa ta wata 'yar na'ura wadda ba ta sakin iska sai ya ja, kuma ta sake ta daidai da nauyin ruwan da ke kansa. Ya sa gilashi a fuska, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, sai ya yi yawo a ƙasan ruwa ba igiya ba bututu daga sama.

Sai dai ruwa yana da hukunci wanda ba ya yafewa. Kowace ƙafa 33 da mutum ya sauka, ana ƙara masa nauyi daidai da na dukan iskar da ke bisa kanmu a tudu. Watau iskar da ya cika huhunsa da ita a zurfin ƙafa 33, in ya riƙe ta ya taso, sai ta kumbura ta ninka biyu, ta yaga huhun. Don haka ba a riƙe numfashi daɗai. Har wa yau, a cikin zurfi wani sashe na iska, wanda a ke kira naitirojin, yana narkewa cikin jini. In aka yi gaggawar tasowa sai ya yi kumfa, kamar kwalbar lemo da aka buɗe farat ɗaya, ya kawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Shi ya sa a ke tasowa sannu, kamar ƙafa 30 a minti, a dakata minti 3 in saura ƙafa 15. Masu nutson shaƙatawa ba su wuce ƙafa 130, ba su kuma shiga sai biyu biyu.

Abin da ya fi wuya kuwa shi ne kame hannu. Misali ya ishe mu daga Ingila. Kudu maso yamma da ƙasar akwai waɗansu tsibirai masu duwatsu, sunansu Sili. Ran 22 ga Oktoba 1707, da dare, jiragen yaƙi huɗu na Ingila suka hau duwatsun nan, gama matuƙan ba su san daidai inda su ke ba, mutum fiye da 1,400 suka mutu. Babban jirgin, Association, ya kwana shekara 260 a ƙasa, sai a 1967 masu nutso na sojan ruwa suka gano shi. Da labari ya bazu, mutane suka yi caa, aka yi ta kwasar kuɗin zinariya da na azurfa da igwogin tagulla, har da sa nakiya don fasa wuri, aka kai kaya gwanjo. Kowa ya sami rabonsa, tarihi ya yi hasara, domin igwa a inda ta faɗi tana nuna yadda jirgi ya karye, amma a ɗakin attajiri ƙarfe ce kurum. Wannan ɓarna na cikin dalilan da suka sa Ingila ta yi dokar tsare irin waɗannan jirage a 1973. A 2001 kuma hukumar UNESCO ta tsara yarjejeniyar kiyaye kayan tarihi da suka shekara 100 a cikin ruwa, Nijeriya ta shiga a 2005.

Mu komo gida. A 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji, tafki ya hau ya rufe tsohuwar Busa da duwatsun da suka ci Park, aka ta da mutum fiye da 40,000 zuwa sababbin garuruwa. Zurfin tafkin a wani wuri ya kusa ƙafa 200, ya zarce iyakar da muka faɗa. Ruwan kuma ba garau ya ke ba, ga laka, ga kututturan itatuwa, ga tsofaffin komaye masu sarƙe mutum. Wanda zai shiga nan, kayan zamani kaɗai ba su ishe shi ba, sai ya nemi Sarkin Ruwa da dattawan masunta, su da suka san inda kowane dutse ya ke tun kafin ruwa ya rufe shi. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari, labarin kuwa yana bakin tsofaffi, kullum raguwa su ke yi.

Saboda haka aikin da ya fi gaggawa ba ya bukatar goran iska, alƙalami ya ke bukata. Wanda hutu ya kai shi Yelwa ko Sabuwar Busa, ya zauna gaban waɗanda suka ga tsohon gari da idonsu, ya rubuta sunayen duwatsu da tsibirai da mashigai, ya zana taswira gwargwadon iyawarsa. Ran da aka sami ƙwararrun masu nutso daga cikin 'ya'yan ƙasar nan, da ita za su san inda za su sauka. In sun sauka kuwa, su auna, su ɗauki hoto, su rubuta, su bar kome a inda suka same shi.