Ga ɗana da ya fara tuƙa adaidaita sahu

Ɗana, tunda makulli ya zo hannunka, Allah ya sanya albarka, ya tsare gabanka da bayanka. Sana'a ce mai rufin asiri. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013, ku ne ƙafar garin nan. Ku ke kai mai ciki asibiti, ku kai yara makaranta, ku ɗauko 'yan Kantin Kwari da dilolinsu.

Abin da na fi jiye maka shi ne tsayuwa. Mutum zai ɗaga hannu a bakin Titin Zoo, kana tsakiyar kwalta, sai zuciya ta ce yanko kafin wani ya riga ka. Kar ka biye mata. Kunna sigina, duba madubi, ka gangara a hankali har ka fita daga hanya. Mai motar da ke bayanka bai ga hannun da aka ɗaga maka ba, bayanka kawai yake gani, kuma mota ba ta tsayawa nan take don an taka birki. Idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata ninki huɗu take yi. Shi ya sa dokar hanya ta tsayar da kilomita 50 a awa cikin gari, kuma ko wannan ma ya yi yawa a bakin kasuwa ko ƙofar makaranta lokacin tashi. Fasinja ɗaya in ya wuce ka, wani na gaba.

Na san balas na jiranka da yamma, ga mai ya yi tsada. Ba na raina wannan. Amma bin wanwe da tsallake danja don ba ka hango ɗan KAROTA ba, ribarsa ba ta kai kuɗin ɗori ba. Wata rana ka je dubiya Asibitin Ƙashi na Dala, ka zauna kusa da mai karaya a cinya, ka ji wata nawa ya yi bai nemo wa iyalinsa ko kwano ɗaya ba.

Tsohuwa kuwa in ta tsaya tana son tsallaka titi, da sanda a hannu, tana sa ƙafa tana janyewa, ka tsaya mata, ka miƙa hannu waje ka tsayar da na gefenka. Kada ka danna mata hon. Firgita take yi, sai ta ruga inda bai kamata ba. Haka mai baro da mai turin kurar ruwa, nauyi suke turawa, ba su da birki sai ƙafarsu.

In an goge ka, ko kai ka gogi wani, fara matsar da kekenka gefe. Sau da yawa gosulon da ake yi daga Bata zuwa 'Yan Kura, mutum biyu ne suka tsaya a tsakiyar titi suna zagin iyayen juna a kan fentin da ya ɗan kankare. Ka sauko, ka yi sallama, ka ce «Alhaji, yi haƙuri», ko da kana ganin kai ne da gaskiya. Sannan a duba ɓarna.

Azumi in ya zo, ka ƙara kula gab da shan ruwa, lokacin da kowa ke tuƙi kamar shi kaɗai ya kai azumin. Ka ajiye dabino da ruwan leda a aljihun keken. In an kira salla kana hanya, ka faka ka sha ruwa a nan, ka miƙa wa fasinjanka, kunun gida zai jira ka.