An kulle tsoho kwana 11 saboda bashin ɗansa

Ranar wata Alhamis bayan la'asar wata dattijuwa ta shigo ofishina tare da 'yarta, tana riƙe da baƙar leda cike da takardu. Tun kafin ta zauna ta ce, "Barista, yau kwanan Malam 11 a bayan kanta." Na ce, "Inna, me ya yi?" Ta ce bai yi komai ba. Ɗansu ne ya karɓi buhunan masara bashi a hannun wani ɗan kasuwa, ya kai Kudu, ciniki ya karye, ya kashe wayarsa. Mai kaya ya kai ƙara caji ofis. Da aka zo gida ba a sami yaron ba, sai aka tasa ƙeyar uban, mutum mai shekara kusan 70 da ke fama da hawan jini da ciwon suga, aka ce ranar da ɗan ya fito za a sake shi.

Kamun ya ɓata min rai, amma abin da ke cikin ledar ya fi ƙona min zuciya. Tun a rana ta biyu wani mai kwat da ke wuni a gindin bishiyar bakin caji ofis ɗin ya tare su, ya ce shi lauya ne, kuma oga mutuminsa ne. Ya karɓi naira 40,000 kuɗin beli. Ya dawo ya karɓi 15,000 wai kuɗin mai da na takarda. A rana ta shida shi ne ya lallashi tsohon ya dangwala hannu a kan wata takarda da aka rubuta da Turanci, ba wanda ya karanta masa, wadda ta ce ya ɗauki nauyin biyan bashin, kuma ya miƙa takardar gonarsa jingina. Bayan duk wannan ba a sake shi ba. Da 'yar ta kira lambar mai kwat ɗin a gabana, a kashe take. Na bincika, ba lauya ba ne, ko ƙofar makarantar lauyoyi bai taɓa takawa ba.

Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 bai bar wata kafa ba. Wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana 1 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana 2. A sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Yana da ikon ya yi shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta haramta kama wani a madadin wani a sashe na 7, ta kuma hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya a sashe na 8. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta sake nanata duka biyun.

Beli a caji ofis kyauta ne. Ba a kama uba don ɗa, ko mata don miji. Ɗan sanda ba mai karɓo bashi ba ne. Kada ka dangwala hannu a kan abin da ba a karanta maka ba.

Da magariba na je da takardata, na ga shugaban ofishin, na shaida masa cewa gobe da safe zan shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu ƙarƙashin sashe na 46. Kafin isha aka fito da Malam, ba a ba da ko kwabo ba, kuma matarsa ce ta tsaya masa, domin doka ba ta hana mace karɓar beli ba, ko da yake tun farko an gaya musu ta hana. Daga nan asibiti muka wuce. Ƙafafunsa sun kumbura, kwana huɗun farko ba a bari an shigar masa da magani ba.

Na faɗa wa iyalin cewa tsarin mulki ya ba wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Malam ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, na bar wa Allah." Ban ga laifinsa ba, ya gaji. Amma raina ya sosu, domin kowane "na bar wa Allah" irin wannan yana ƙara wa mai kamun ƙarfin gwiwar kama na gaba. Maƙwabta kuma, da suka cika ƙofar gida ranar da aka tafi da shi, ko ɗaya bai yarda ya rubuta abin da ya gani ba, kowa ya ce ba ya son shiga maganar hukuma. Sashe na 24 na kundin nan da muke kafa hujja da shi ya ɗora mana mutunta darajar sauran 'yan ƙasa da taimaka wa hukuma wajen tabbatar da doka, kamar yadda ya ɗora mana biyan haraji. Ba da shaidar gaskiya na cikin wannan.

Mai masarar ma na zauna da shi. An cuce shi, kuma yana da haƙƙin a biya shi. Na ce, "Alhaji, ga kotun majistare, ga kotun shari'ar Musulunci, jihohi irin su Kano da Legas har kotun ƙananan basussuka suka buɗe. Me ya kai ka caji ofis?" Ya ce can ya fi sauri.

Ina roƙonku, ku daina miƙa kuɗi ga masu zaman gindin bishiya. Wanda ya ce maka shi lauya ne, tambaye shi ina ofishinsa, ka je ka gani da idonka. In ba ka da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa, kuma ba sa karɓar kuɗi. Ku zo a ranar farko. Kwana 11 ya yi yawa. Kuma ku riƙa rubuta ranar da aka yi kamu da sunan ofishin. Beli kyauta ne, na sake faɗa.

Takardar gonar Malam har yau tana hannun mai masara. Muna kotu a kanta, kuma abin da lauyansa ke ɗagawa a kowane zama shi ne wancan dangwalen na rana ta shida. Damina ta kusa, Malam bai san ko zai yi shuka bana ba.