Cin amarci a Jos: amsa ga angon da ya yi alkawarin Turai

Tambaya: Ni ma'aikaci ne a Kano, saura wata biyu a ɗaura mini aure. Tun muna zance na yi wa wadda zan aura alkawarin bayan biki zan kai ta Faris da Roma mu ga gari, mu ci abincinsu. Yanzu da na gama da lefe da kuɗin haya, abin da ya rage a hannuna bai taka kara ya karya ba. Wani abokina ya ce mu tafi Jos, amma ina tsoron ta ga kamar na raina ta, iyayena kuma da sun ji sunan garin sai su tuna rikici. Ina mafita?

Amsa: Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya.

Ko da kuɗin na nan cif, wata biyu ba su isa a ɗora tafiyar Turai a kansu ba. Faransa da Italiya duk biza ɗaya ake shiga da ita, wato ta Shengen, kuma tun watan Yunin 2024 kuɗinta Yuro 90 ne ga kowane baligi, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu. Za a nemi inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin aƙalla Yuro 30,000, da bayanin asusun banki na watanni, da shaidar masauki da ta jirgi. A ƙa'ida kwana 15 ake yi ana duba takardu, amma yana iya kaiwa 45. A 'yan shekarun nan fiye da kashi 40 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu neman wannan biza ana hana su, kuma ba a mayar wa kowa ko sisi. Ka dubi yadda takardunku za su kasance a gaban jami'in: fasfo sabo fil babu hatimi ko ɗaya, takardar aure ba ta fito ba tukuna, asusun ango kuma ya sha duka a hannun masu akwati. Irin wannan ne aka fi saurin mayarwa. Ka bari sai aure ya kwana biyu, asusu ya farfaɗo, sannan ku nema a natse, don ana karɓar takardu tun saura wata shida a tashi.

Ka same ta ka faɗa mata haka tun yanzu, baki da baki, ba ta waya ba. Kada ka ce an fasa, ka ce an ɗaga, kuma ka zo mata da tsarin Jos a hannu: rana kaza, masauki kaza, kwana kaza. Mace takan haƙura da canjin wuri. Abin da ba ta mantawa shi ne ta ji labari a bakin ƙanwarka, bayan ta gama gaya wa ƙawaye.

Abin da amarya ke nema a Faris ba ƙarfen hasumiyar Eiffel ba ne. Tana son iska mai sanyi, da wurin da ba wanda ya san ta, da ta yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da mijinta ba tare da wata gwaggo ta leƙo ba, da hoton da za ta ajiye. Jos na da waɗannan duka. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, shi ya sa a watan Afrilu, lokacin da mutumin Kano ke kwana a tsakar gida, na Jos ke jan mayafi da asuba. Turawan mulkin mallaka ma nan suke hawowa hutu idan zafin ƙasa ya ishe su, kuma filin wasan golf na Rayfield, wanda aka buɗe a 1913, daga zamanin haƙar kuza ya samo asali.

Kada ku tashi washegarin kai amarya. Kwana bakwai ɗin farko ba naku ba ne ku kaɗai: akwai buɗar kai, akwai 'yan ganin ɗaki, akwai dangin da suka zo daga nesa, akwai gajiyar biki da ba ta sakin jiki sai an yi barci. Angon da ya ɗauke amarya a wannan makon ya sayi ƙorafin da zai daɗe yana biya. Ku bari sati biyu ko uku su wuce, ku je ku yi wa iyaye sallama gida biyu. Ga masu karatu da ke da uwargida kuwa, kwanakin da suka haura na amarci haƙƙin wata ne, sai a zauna a daidaita kafin a ɗauki jaka.

A ganina ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi kowane lokaci: ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba, duwatsu a wanke. Disamba da Janairu sanyi ne na gaske, ga hazo da ke rufe nesa har ya hana hoto kyau, ga cikar masaukai a makon Kirsimeti. A Yuli da Agusta garin kore shar, amma ruwa na iya tsare ku a ɗaki yini guda, wanda ga ango ba lallai asara ba ce. Ko yaushe kuka je, ku riƙe rigar sanyi da safa da man shafawa, amarya kuma ta sa takalmi mai kama ƙasa a jaka, don mai tsini ba ya hawa dutse.

Batun tsoron iyayenka, kada ka yi musu gardama, suna da hujja. An yi rikici a Jos a Satumban 2001, da Nuwamban 2008, da Janairun 2010, kuma abin da ya bari shi ne unguwanni sun rabu: akwai inda Musulmi suka fi yawa, kamar Gangare, Unguwar Rogo, Rikkos da kewayen Titin Bauchi, akwai inda Kirista suka fi yawa. Da rana kasuwa ɗaya ake ci, Hausa kowa ke yi, mota ɗaya ake shiga. Baƙo dai ba ya gane iyakar da ɗan gari ke gani da ido rufe. Saboda haka abu na farko da za ka nema, kafin otal ma, shi ne mutum: abokin aiki, ɗan ajinku, ko ɗan'uwan maƙwabci da ke zaune a garin, wanda za ka kira kwana biyu kafin tashi ka ji yadda gari ya kwana, kuma ya haɗa ka da direban da ya yarda da shi. An hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru, Keke kuma ba abin dogaro ba ne da dare, don haka shatar mota ta yini ta fi muku kwanciyar hankali. Kada ku sa tafiyar a makon zaɓe. Kada ka biye wa hirar siyasa ko addini da wanda ba ka sani ba. Hare-haren da ake ji a shekarun nan sun fi aukuwa a ƙauyukan Bokkos, Mangu, Barikin Ladi, Riyom da Bassa, don haka duk wani yawo na bayan gari sai da rana, sai kuma ɗan gari ya ce a je.

Hanya ma haka. Daga Kano ta Kwanar Dangora da Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Saminaka, a fita bayan sallar asuba a isa da rana tsaka. Mai tahowa daga Abuja ta Akwanga zai hau Hawan Kibo, inda manyan motoci ke yawan ƙwacewa, ba wurin gudu ba ne. Filin jirgin Yakubu Gowon yana Heipang, da 'yar tazara daga gari, sai ka tanadi mai ɗauko ku tun kafin ku sauka.

Wajen zaɓen masauki, tambaya uku za ka yi ta waya: akwai ruwan zafi a banɗaki, ƙarfe nawa ake kashe janareta, kuma akwai gidan rawa ko mashaya a harabar? Ta farko ta fi muhimmanci fiye da yadda kake zato. Wanka da ruwan Jos da asubar Janairu jarrabawa ce, sabon aure kuma ba ya rabuwa da wanka. Ka biya kuɗin kwana ɗaya tukuna, in ya yi muku ku ƙara. Ku riƙe takardar shaidar aure. Game da salla, a mazhabar Malikiyya matafiyi na yin ƙasaru muddin bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, in ya yi niyyar haka sai ya cika.

Kuskuren da sababbin ma'aurata suka fi yi, a Jos ne ko a Roma, shi ne cusa wuri biyar a yini ɗaya. A fita da safe, a dawo da ciwon ƙafa, a yi faɗan farko a kan wanda ya manta caja. Wuri ɗaya a rana ya isa.

Ku fara da gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. A nan za ku ga kawunan yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000, da aka fara tono su wajen haƙar kuza. Amma abin da ya fi taɓa zuciyar Bahaushe yana can baya, a filin gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da fadar Katsina da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, da ƙasa da azara yadda magina na da suke yi. Damina ta ci wasu sassan, duk da haka tsayawa ƙarƙashin waɗannan bakunan gizo na ƙasa ya isa dalilin zuwa. Akwai kuma tsofaffin kawunan jirgin ƙasa na siririn layin dogo da ya haɗa Zariya da Jos daga 1914 zuwa 1957. Mutum ya tashi daga Kano ya zo Filato ya ga ganuwar garinsu, abin da dariya, amma na ga waɗanda a nan suka fara kallonta da kyau.

Rana ta biyu ku ba duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta kai kimanin mita 1,829. Ba sai kun kai can sama ba. Ku ɗauki ɗan jagora, ku hau daidai ƙarfin amarya, ku zauna ku kalli gari a ƙasa. Gandun namun daji da aka kafa a 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, wurin tafiya ne a inuwa, ku je don iska da itatuwa, kada ku sa rai da ganin dabbobi birjik. Da la'asar akwai tafkin Rayfield, inda ake shiga kwalekwale. A nan zan ja kunne: yawancin tafkunan da ke warwatse a Jos da Bukuru tsofaffin ramukan kuza ne, bakinsu a tsaye yake, zurfinsu ba a gani, kuma sun ci mutane da yawa. Ba a iyo a ciki, ba a shiga kwalekwale ba rigar kariya, ba a ja da baya a bakin ruwa don hoto ya yi kyau. Magangarar ruwa ta Assop, a gefen hanyar Abuja, da dutsen Riyom mai kama da an ɗora shi da hannu, ana haɗa su a fita ɗaya in hanya lafiya. Duwatsun Assop na da santsi da damina.

Abinci kuwa, a nan Jos ta fi ƙarfin raini. Abin da ake kira kayan lambun Turawa a nan ake noma shi: dankalin Turawa, kabeji, karas, latas, koren wake, har da sitiroberi da ake kawowa daga wajen Vom a lokacin sanyi. Ku nemi gwaten acca da ganye da safe, yana ɗumama jiki kuma ba ya nauyi. Ku ci tuwon acca, ku ci masa da miya, ku sha madarar Vom, da dare kuma a sayo tsire ko balangu ko gasasshen kifi a dawo ɗaki. Dare ɗaya ka kai ta gidan abinci mai tebur da kyandir a wajen Rayfield ko unguwar Turawa, ta yi kwalliya, ka kashe waya. Wannan daren ne za ta riƙa ba da labari. Sai dai ka tuna Jos gari ne na kowa da kowa, akwai wuraren da ake sayar da naman alade da na kare da burkutu, kuma masu shi ba ɓoyewa suke yi ba. Tambaya cikin ladabi ta wadatar, za a nuna maka inda ya dace da kai. A Faris ma da sai ka yi wannan tambayar, da harshen da ba ka iya ba. Ɗanyen ganye da 'ya'yan itace a wanke da ruwa mai tsabta, a sha ruwan roba, don gudawa ba ta san amarci ba.

Akwai wata matsala da kunya ke hana faɗa. Sababbin amare da yawa na samun zafin fitsari a makonnin farko, tafiya da ƙarancin shan ruwa a garin sanyi kuma na ƙara shi. Ta yawaita shan ruwa, kada ta riƙe fitsari, ta kuma yi shi bayan kwanciya. In zafi ya wuce yini ɗaya, ko zazzaɓi ko ciwon baya ya biyo, a je asibiti, kada a tsaya haɗe-haɗen kemis. Sauro ma yana nan duk da sanyin, ku riƙe maganinsa.

Kwana uku zuwa huɗu sun isa. Ka raba kuɗin hannunka uku, ka bar kashi ɗaya a gida ba ka taɓa ba, domin ranar da kuka dawo ne cefane ke fara aiki, gara kuma ƙarewa take yi. Ranar komawa ku biya kasuwar Farin Gada da sassafe ku yi tsaraba: dankali da kabeji da karas, gidan iyayenta da gidan naku daidai wa daida, kada wani ya fi wani. Sitiroberi ba ya jure zafin hanya, ku cinye shi a mota. Ku bar Jos kafin ƙarfe goma na safe don ku wuce Falgore da sauran rana. Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.