Kafin ka sayi fitilu masu ƙyalli, sayi UPS

Kusan duk saurayin da ya turo hoton teburin wasansa yana neman shawara, abu ɗaya ake gani: fitilu ja da shuɗi sun zagaye bango, kujera irin ta motar tsere, kibod yana walƙiya. Sai ka leƙa ƙarƙashin teburin ka tarar da soket ɗin jona mai arha, an cusa masa filogi biyar, an haɗa shi da bango kai tsaye. Ba a jimawa sai ka ji ana cigiyar mai gyara.

Daga bidiyon YouTube da TikTok aka kwaso wannan tsari. Masu yin bidiyon suna zaune ne a inda wuta ba ta ɗaukewa, zafi bai kai namu ba, ƙurar hunturu kuwa ba su san ta ba. Fitila ba ta ƙara wa wasa gudu ko kaɗan, ƙanena.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu cewa ai suna da sitabilaiza, don haka ba sa bukatar UPS. Aikinsu ba ɗaya ba ne. Sitabilaiza tana daidaita ƙarfin wuta idan ya yi ƙasa ko ya haura 230V ɗin da ake sa ran samu, amma da an ɗauke wuta ita ma ta mutu, na'urarka ta bi ta. UPS kuwa batir ne a cikinsa, zai riƙe ka 'yan mintuna ka adana wasanka ka kashe na'urar yadda ya kamata. Mutuwar farat ɗaya tana iya lalata bayanan da ke cikin ma'ajiya, kuma lokacin da wutar NEPA ta dawo da ƙarfi, ko ake sauyawa zuwa janareta, shi ne lokacin da kaya suka fi ƙonewa. In a unguwarku wuta kan yi rauni da yamma, to duka biyun kake bukata.

A kula da lissafi kuma, don a nan 'yan kasuwa ke cin mutane. Lambar VA da ke jikin kwali ba wat ba ce. UPS mai 650VA abin da yake iya ɗauka bai wuce wat 360 zuwa 390 ba. PS5 tana jan kusan wat 200 idan wasa ya yi zafi, monita mai inci 24 tana jan kamar 30, don haka zai ɗauke su. Kwamfuta mai katin hoto matsakaici kuwa, nemi 1000VA ko sama da haka. Kada a jona dutsen guga ko hita a jikinsa, ko da wasa. Haka akwatin wutar da ke cikin kwamfutar: wanda ba shi da sunan kamfani, an rubuta masa 500W amma ka ɗaga ka ji shi sakayau, ajiye musu abinsu. Nemi mai tambarin 80 Plus. Idan wannan akwati ya ƙone, ba kasafai yake tafiya shi kaɗai ba, yakan ja katin hoto ko babban allon na'urar su tafi tare.

Sai maganar monita mai 144Hz. Mai PS4 da ya saye ta ya yi asarar kuɗinsa, domin na'urar ba ta wuce hoto 60 a daƙiƙa. PS5 tana kai 120 a wasu wasannin kawai. Masu kwamfuta kuma da yawa sun saya, amma Windows na nan a kan 60 saboda ba wanda ya shiga saitin allo ya canza. Monita mai inci 24 da 1080p ta ishi mai buga eFootball ko EA FC.

Teburi kuwa, je wurin kafintan unguwarku. Ka ce masa tsayi santimita 72 zuwa 75, faɗi 120, zurfi 60 zuwa 70, ya huda rami a baya don wayoyi, ƙafafun kuma kada su yi rawa. Monita ta yi nesa da kai kamar tsawon hannunka, samanta daidai da idonka. Kujerar ofis ta hannu mai tallafe ƙugu, musamman mai raga a baya, ta fi waccan ta tseren. Ledar da ake lulluɓe ta tseren da ita, a zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato, gumi za ta tara maka, daga baya ta fara ɓarewa.

Ita na'urar, in kuɗi bai kai na sabuwa ba, tsofaffin kwamfutocin ofis irin Dell OptiPlex suna aiki idan aka sa musu SSD da RAM 16GB da katin hoto marar cin wuta sosai kamar GTX 1650, wanda wat 75 ya ishe shi. Duba girman akwatin tukuna, don siraran ba sa ɗaukar kowane kati. Ko a Beirut Road ta Kano ka saya ko a Computer Village ta Ikeja, kada ka biya sai an kunna wasa mai nauyi a gabanka na ɗan lokaci ka ji yadda fankar ke kuka. Mai kaya da ya ƙi a gwada, ya san dalilinsa.

Kada a ajiye na'urar a ƙasa kan kafet, kada a rufe ta a cikin kabad. A bar mata sarari ta baya iska ta fita, a lulluɓe ta da ƙyalle bayan an kashe ta ta huce. Lokacin hunturu a riƙa buɗe ta ana hure ƙurar, a danne fankar da yatsa yayin hurawa don kada ta yi ta juyi.