Tsaron Yara a Filayen Wasa: Darasi ga Hakimai da Malamansu

A kusan kowane gari na ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa akwai fili inda samari ke taruwa bayan la'asar su buga ƙwallo, kuma bayan kaka akan ƙara da kokawa da dambe. Wasannin nan ba na kuɗi ba ne, kuma ba a rarrabe 'yan wasa bisa shekarunsu. Za ka iske yaro ɗan shekara 13 yana ƙungiya ɗaya da magidanci mai shekara 30. Wasa abin so ne, gama yana ƙara lafiya, yana kuma hana zaman banza. Abin da ake so Hakimai su lura da shi shi ne yadda babba mai mugun hali ke samun hanyar lalata yaro ta wurin wasan.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Yaro yana ƙwaɗayin a sa shi cikin masu bugawa, ba shi da takalmi, ba shi da kuɗin mota zuwa Funtuwa ko Malumfashi ranar gasa. Wani babba kuwa, ko mai koyarwa, ko mai ɗaukar nauyin ƙungiya, ko wani ɗan wasa da ya girme shi, duk waɗannan suna hannunsa. Sai ya fara da kyauta, ya saba da iyayen yaron har su riƙa yi masa godiya, sa'an nan ya riƙa kiransa ɗakinsa shi kaɗai, wai zai yi masa tausa ko ya gwada masa riga. In abin ya auku, yaron ba ya faɗi, domin kunya, da tsoron a cire shi daga ƙungiya, da sanin cewa mutumin da zai ambata ya fi shi baki a gari.

An ga haka a Ingila. Wani mai koyar da yara ƙwallo, Barry Bennell, ya shekara da shekaru yana kai yara gidansa su kwana da yardar iyayensu, don suna tsammani shi ne tsanin 'ya'yansu zuwa manyan ƙungiyoyi. A 2016 wani tsohon ɗan wasa, Andy Woodward, ya fito fili ya faɗi abin da aka yi masa yana yaro, sai ɗaruruwa suka biyo bayansa. A 2018 aka yanke wa Bennell ɗaurin shekara 31. Binciken da lauya Clive Sheldon ya yi, wanda ya fito a 2021, ya nuna hukumar ƙwallon Ingila ta yi sakaci wajen kafa dokokin tsaron yara daga 1995 har zuwa 2000. A nan kusa da mu kuma, a ƙasar Mali, a 2021 aka kama mai koyar da 'yan mata ƙwallon kwando na ƙasa bisa zargin neman yaran da ke hannunsa, bincike kuma ya nuna wasu shugabannin wasan sun yi ƙoƙarin rufe maganar. To, in haka ta faru inda akwai ofisoshi da takardu, ina ga filin da ba a ko san wanda ke riƙe da shi ba?

Halin da ƙasarmu ke ciki ya ƙara wa al'amarin nauyi. Tun da 'yan bindiga suka sace ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba 2020, hankalin kowa ya koma ga abokin gaba na daji, kuma da gaskiya. Amma fitinar ta koro iyalai da yawa daga ƙauyuka zuwa manyan garuruwa, cikinsu har da marayu da yaran da ba su da mai tambayar inda suka kwana. Irin waɗannan su ne mugu ke fara zaɓa.

Saboda haka aikin farko na Malamin Hakimi ne. Ya buɗe littafi, ya rubuta kowace ƙungiyar wasa da ke gunduma, da sunan shugabanta da mai koyarwa, da unguwar da kowanensu yake, da adadin yaran da ba su kai shekara 18 ba. Dagatai da masu unguwanni su ne za su kawo wannan bayani, su kuma shaidi halin mutanen. Baƙon da ya zo yana cewa zai kai yara gwaji Kano ko Legas ko ƙetare, a kai shi gaban Hakimi tukuna, a san daga ina ya fito, kafin ya yi magana da yaro ko ɗaya.

Sa'an nan a kafa wa ƙungiyoyi ƙa'ida guda wadda ta fi sauran muhimmanci, watau kada babba ya keɓe da yaron da ba nasa ba. Horo a fili, da rana, gaban jama'a. Tafiya gasa sai da iznin uba ko waliyyi, da manya biyu aƙalla, ɗaya daga cikinsu uban wani yaro ne; in ta kama a kwana, ɗakin yara dabam. Ƙa'idar nan ba tuhuma ba ce ga masu koyarwa, waɗanda yawancinsu mutanen kirki ne masu aiki ba lada. Ita ce ma ke tsare su daga ƙazafi.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne bayan an kawo ƙara. Mun saba da sulhu, kuma sulhu alheri ne a rikicin gona ko bashi. Wannan kuwa laifi ne babba. Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ta aza ɗaurin rai da rai ga wanda ya yi lalata da yaro, Jihar Katsina kuma ta yi tata dokar kare yara a 2020. Ba Hakimi ko Dagaci da ke da ikon kashe maganar a zaure, ko da iyayen yaron ne suka roƙa don gudun abin kunya. Wanda aka ce ya bar gari kurum, wani garin zai koma, can ma akwai fili da yara.

In yaro ya buɗe baki, a saurare shi a natse, ban da tsawa, ban da tara masa jama'a, kada kuma a gurfanar da shi gaban wanda ya ambata. Malami ya rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, da rana da lokaci, ya adana takardar inda idon kowa ba zai kai ba. A gaggauta kai shi asibiti, domin maganin da ke kare mutum daga ƙanjamau bayan irin wannan abu sai an fara shan sa cikin awa 72. A ranar kuma a sanar da 'yan sanda da jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Wanda ake zargi a dakatar da shi daga fili har a gama bincike, a kuma tsare shi daga fushin matasa, don hukuncinsa na kotu ne. Yaron kuwa, in yana so, a bar masa gurbinsa a ƙungiya.